Miskinai Goma da Bitrus

Dubai Investments Park,
Dubai.

Zuwa ga mai girma, mai alfarma, fitilar zuriyarmu ta Gwammaja, magajin kujera ɗaya tilo da ta rage da ƙafafunta huɗu cur a falonmu, gwarzon da ya tunkari masu shirya jarrabawa har sau biyu sai da suka gaji suka buɗe masa ƙofar jami'a, masanin haɗa magunguna na gobe in Allah Ya yarda, wanda al'ada ta ɗaure harshena daga furta sunansa na yanka, domin ɗan fari ne kuma sunan mahaifina yake ɗauke da shi, saboda haka nake kiran sa Halifa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda da za a loda ta a kontena da sai an nemi ta biyu, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummanka da ƙannenka. Allah Ya tsare ka a wannan fita da za ka yi zuwa Zariya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da masu daɗin baki irin mahaifinka.

Ba zan cika ka da labarin Dubai ba. Dogayen benayen suna nan a tsaye, zafi yana nan, ni ma ina nan.

Ga abin da ya zaunar da ni. Ranar Talata Ummanka ta kira ni ina bakin aiki. Ta ce ta ɗauki rigarka za ta jiƙa, sai ta ji wari a wuyanta. Na fara kawo mata dalilai, na ce wataƙila hayaƙin motar haya ne, wataƙila ka zauna kusa da mai gashin tsire. Ta bar ni har na gama, sannan ta ce, "Abban Halifa, warin nan na san shi. Shekara goma sha tara ina wanke shi." Ta ce in yi maka faɗa. Na ce to. Ta kashe waya, ni kuma na tsaya a tsakanin kwantenoni ina neman bakin da zan yi faɗan da shi, ban samu ba.

Saboda haka ba faɗa zan yi maka ba. Zan karanta maka tarihin wani wawa ne, tun daga muƙaddima har hatimi, ka ga ko kana sha'awar zama mujalladi na biyu.

Ina ɗan shekara goma sha bakwai na fara, wato na girme ka a wauta da shekara guda. A lokacin ni ne zakaran muhawara na makarantarmu. Akwai wani babban ɗalibi da muke kira Farfesa, wanda yake zama a teburin mai shayi da tsohuwar jarida a hammata. Ba ɗanɗanon tabar ya ja ni ba, domin karan farko sai da ya sa na yi amai a bayan rumfa. Abin da ya ja ni shi ne yadda Farfesa yake magana. Sai ya ɗauko zance, ya kai shi tsakiya, ya dakata, ya ja, ya busa sama a hankali, kowa ya yi tsit yana jiran ƙarashen. Sau da yawa ƙarashen ba komai ba ne. Amma wannan jiran da ake yi masa, shi na yi kwaɗayi. Na ga kamar duk mai manyan kalmomi yana bukatar hayaƙi a tsakaninsu. Ranar da ya miƙo mini kara ya ce, "Ɗan ƙane, ko har yanzu nono kake sha?" na yi masa jawabi na kusan minti biyar a kan illar taba ga al'umma, da hujjoji uku da kammalawa. Aka tafa mini. Sannan na karɓa.

Za ka tarar da naka Farfesan a Zariya, in ma ba ka riga ka same shi a Gwammaja ba. In ya miƙo, ka ce, "Ba na sha." Kada ka ƙara ko harafi. Duk wanda ya tsaya bayani yana neman a rinjaye shi ne, ni shaida ne.

Da na fara neman Ummanka, aljihuna na dama kanumfari ne, na hagu minti, ga ƙaramar kwalbar turare a safa. Wata rana a zauren gidansu ta ce, "Kamar ina jin ƙauri." Na ce abokai ne marasa tarbiyya nake zama da su ina yi musu nasiha. Ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Na yi aure ina ɗan ashirin, shi ya sa yau in muka jera ni da kai ake ce mana wa da ƙani, kuma tun makon farko ta tsinci ashana a aljihun wanda ba ya hura wuta. Sai ta ɗora ta a kan matashina. Duk abin da sai ka tauna kanumfari kafin ka shiga gida saboda shi, Halifa, ka riga ka san hukuncinsa, ba ka bukatar malami.

Yanzu kuma zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba.

Kana ɗan shekara biyar mai sunanka ya kwanta a asibiti. Ranar ƙarshe ni kaɗai ne a wurinsa, sauran sun tafi gida kawo abinci. Bayan la'asar ne. Yana riƙe da hannuna, numfashinsa yana sama-sama, ni kuma tun azahar ban sha ba, kaina kamar ana buga ƙusa. Na ce, "Baba, bari in duba ko likita ya iso." Na zare hannuna daga nasa. Sai da na ɗan ja da ƙarfi kafin ya saki. Ban je wurin likita ba. Bayan katanga na zagaya, inda ake ajiye babura, na kunna. Kara ɗaya ne, ban ma kai ƙarshensa ba. Da na dawo na tarar an ja masa mayafi. Wani bawan Allah da ke jinyar ɗan'uwansa a gado na kusa shi ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ya kama hannuna yana yi mini ta'aziyya, ya ce, "Ya nemi ka sau biyu." Na ga lokacin da hancinsa ya kama warin, na ga ya sunkuyar da kai. Har yau ban san sunan mutumin nan ba, kuma har yau in an ce a gidanmu, "Ai a hannun Nafi'u ya cika," shiru nake yi.

A ranar na yi rantsuwata ta farko, da sunan Allah, cewa ni da taba har abada. Har abadan nan ya ƙare ranar sadakar uku.

Ba ni da nasihar da zan ɗora a kan wannan. Ka dai sani taba ba tambayarka take yi ba in za ta kira ka. Ba ta san gaban mara lafiya ba, ba ta san ɗakin jarrabawa ba.

Shekara biyar ke nan da na zo ƙasar nan. Aikina a wani sito da ke Jebel Ali: in tsaya da takarda a bakin kontena, in duba abin da aka ce yana ciki ko shi ne a ciki. A cikin jirgin da ya kawo ni na sake rantsewa. Na ce sabuwar ƙasa, sabon mutum. Na sauka na tarar taba a nan ta fi ta gida araha, ga mai kanti a ƙasan gidanmu wanda tun kwana na uku ya haddace irin tawa, ina shigowa yake cewa, "Habibi," ya ajiye a kan kanta kafin in buɗe baki. An hana sha a cikin sito, sai a wani lungu a bayan gini inda babu inuwa ko ta tafin hannu. A tsakiyar zafin da ke sa ƙasan takalmi ya yi laushi, nan za ka ga mahaifinka, mai takardar difloma, zakaran muhawara, yana tsaye gumi na shiga idonsa, yana ƙara wa kansa wuta. Sauya gari ba ya sauya komai. Kai ma Zariya ba za ta raba ka da abin da ka ɗauka daga Kano ba, tare za ku hau mota.

A gidan da kamfani ya ba mu, ɗakinmu ɗaya da wani Bitrus, mutumin Kagoro, Kirista, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙarancin magana. Wata Juma'a ya samu aron motar wurin aikinsu, muka tafi Hatta, can wajen duwatsu kusa da iyakar Oman, inda akwai dam da gonakin dabino. A nan na shirya babban biki. Na haƙa rami a gindin wani dutse, na kwantar da kwalin sigarina da laita a ciki, na tsaya a kansu na yi jawabin bankwana. Na ce, "Ya ke abokiyar sharri, ya ke ɓarauniyar numfashi, yau na sake ki saki uku a gaban wannan tsauni da wannan bawan Allah." Na rantse. Na mayar da ƙasa, har da ɗora dutse. Bitrus ya cire hularsa don girmamawa, ya ce, "Allah Ya ji ƙan ta. Yalla, mu tafi, rana na yi."

Ba mu yi nisa ba ya tsaya shan mai. Na ce zan shiga in sayi ruwa. Na fito da ruwan a hannu, da wani abu mai kusurwa huɗu a aljihun gaba. Bitrus ya kalli aljihun, ya kalle ni, ya ce, "Marigayiyar ta bar ƙanwa ke nan?" Ya tada mota muka kama hanya.

Shi ya kai labarin wurin Malam Hadi, wani akanta ɗan Zariya da ke jan mu salla a masallacin gidan, yana ba shi a matsayin abin dariya. Malam Hadi bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe ya ce, "Nafi'u, sau nawa ka rantse da Allah a kan abin nan ka karya?" Na ce huɗu. Ya ce, "Ka yi kaffara?" Na ce wace iri? Ya bayyana mini cewa duk rantsuwar da aka karya sai an ciyar da miskinai goma Musulmi, ko a tufatar da su, wanda ba shi da hali kuma ya yi azumin kwana uku. Ya ce ni mai albashi ne, ciyarwa ce a kaina.

Samun miskinai a unguwarmu ba wuya. Bayan gidanmu akwai masaukin leburori, masu dakon kaya da masu shara, 'yan Bangaladash da Pakistan da 'yan Afirka, mutanen da suke tura kusan duk abin da suka samu gida su rayu a kan gurasa da miyar wake. Wani Isufu, mutumin Maraɗi da ke tuƙa motar ɗaga kaya a sitonmu, shi ya tattaro mini goma. Na yi odar biriyani, shinkafar nan tasu mai yaji da naman rago, babban tire guda. Juma'a huɗu a jere ina biyan tsofaffin rantsuwoyi. Bitrus kuwa yakan wanke hannu ya zauna a matsayin na sha ɗaya. Malam Hadi ya ce ba ya cikin lissafi. Bitrus ya ce, "Babu damuwa, Malam, ni ba lissafi na zo ba, ci na zo."

A nan ne, ya kai magajina, mahaifinka ya tafka kuskuren da sai mai rabin ilimi irinsa. Na tashi daga tire na huɗu ina jin kaina sakayau kamar jariri. Sai zuciyata ta yi mini wani karatu: ashe rantsuwa tana da farashi. Ashe in na karya akwai ƙofar fita, kuma ƙofar ma lada ce, tunda bayin Allah suna ƙoshi. Daga nan rantsuwa ta yi mini sauƙi. Duk bayan 'yan watanni, in tari ya dame ni ko Ummanka ta yi magana, sai in tara jama'a in yi shela. In yi kwana huɗu ina huci kamar kumurci. Rana ta biyar, bayan abincin rana, in faɗi. Ranar Juma'a a kawo tire. Leburorin nan suka sa mini suna Abu Biriyani. In na wuce sai su ɗaga hannu suna murmushi, ni kuwa ina ɗaukar kaina wani babban mai kyauta. Shekara uku ana haka.

Malam Hadi ya taɓa tare ni ya ce, "Na koya maka kaffara don ka ji nauyin sunan Allah a bakinka, kai ka mayar da ita tikitin shiga." Na ba shi amsa mai tsawo da Larabci biyu a ciki. Ya girgiza kai ya tafi. Bai sake zuwa wurin tiren ba.

Ka ji wannan da kyau: kada ka saba wa bakinka rantsuwa. Mutumin da zai yi abu ba ya tara shaidu.

Da na zo hutu wata bakwai da suka wuce, ka tuna ranar da aka kore ku waje aka rufe ƙofar falo. Ummanka ce ta zaunar da ni. Ta ce ta ji irin tarin da nake yi da asuba, ta ce ba ta shirya zama da marayu huɗu ba. Ban taɓa ganin ta tana roƙo ba sai ranar. Na tashi na yi alwala, na dawo na tsaya a gabanta, na rantse da Allah cewa na sha ta ƙarshe. Ta yi kuka, ta yi sujada, washegari ta dafa abinci ta raba wa maƙwabta. Kwana uku na yi. Na huɗu ina cikin kangon da ke bayan layinmu, a tsugune kamar ɓarawon kaji. Na ƙarasa hutun da kanumfari.

Da na dawo nan na yi odar tire kamar kullum. Aka shimfiɗa leda a tsakar gida bayan sallar Juma'a, goman suka kewaye. Bitrus ya wanke hannu ya zauna, amma bai miƙa hannun ba. Ya ce, "Nafi'u, wannan karon wa ka yi wa rantsuwar?"

Na ce, "Uwar 'ya'yana."

Ya ce, "Ta san ta karye?"

Na ce, "Ci abinci, mutumina, shinkafa na hucewa."

Ya goge hannunsa a wando ya ce, "Ba zan ci ba."

Na yi dariya na ce, "Kai da ba ka ma cikin lissafi, wa ya damu?"

Ya ce, "Shi ya sa. Waɗannan yunwa ce ta kawo su, ba ni da abin ce musu. Ni kwaɗayi ne ya kawo ni. Shekara uku ina cin huhunka da yaji ina ce maka sannu da ƙoƙari. Yau kuma hawayen matarka za ka zuba mini a faranti? Na ƙoshi." Sannan ya juya ya ce, "Isufu, kai za ka gaya masa ko ni?"

Isufu ya tsaya da loma a hannu.

Abin da Bitrus ya gaya mini shi ne, mutanen nan sun daɗe da haddace ni. Sun san rana ta biyar ce, sun san bayan abincin rana ne. Duk lokacin da na yi shela, sai su ƙirga kwanaki. Ranar ta biyar wani zai ajiye kara ɗaya a kan tagar da nake jingina a bayan sito, da ashana a gefe, ya yi tafiyarsa. Har juyi suke yi. Ni kuwa duk tsawon shekarun nan ina tsintar karan ina cewa Shaiɗan ne yake jarraba ni da mantuwar wani.

Isufu bai musa ba. Ya ce, "Patron," wato maigida a bakinsu na Maraɗi, "wallahi ba mu taɓa sa maka a baki ba. Ajiyewa kawai muke yi." Ya dubi tiren ya ƙara da cewa, "Wata guda ba mu ga nama ba, patron."

Na so in yi fushi, na rasa da wa. Mutum goma suna kallon ƙasa, hannuwansu duk maiƙo. Ni na koya musu cewa faɗuwata abincinsu ce. Na ce su ci. Suka ci har aka ga gindin tire.

Da labarin littafi ne, da a nan zan ce maka na daina. Ina tashi daga wurin na sha biyu a jere. Na ci gaba da sha wata biyu da wani abu, ba rantsuwa, ba tire, ba jawabi, kuma ba daɗi, domin duk karan da na ɗauka sai in ji kamar wani ne ya ajiye mini. Sai wata Laraba da ba ta da wani tarihi, kwalin ya ƙare, ban sauka kanti ba. Washegari ma ban sauka ba. Ban gaya wa kowa ba. Rana ta biyar na ci abincin rana a cikin ofis, na zauna a kan hannuwana kamar yaron da aka yi wa horo, har aka koma aiki. Sai da aka yi mako uku Bitrus ya lura. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗakin nan ya daina wari." Na ce na'urarsa ce ta fara aiki.

Yau wata huɗu da kwana tara. Kada ka ɗauka wata nasara ce mai kiɗa da tafi. Na yi tumbi. Na zama mai saurin fushi, har na yi wa wani direba tsawa a kan biro. Haƙorana ba su koma fari ba, kuma hawa bene biyu har yanzu sai na tsaya a tsakiya na yi kamar ina duba waya. In ina magana na kai inda nake dakatawa in ja, sai in rasa abin yi da bakina, maganar ta faɗi ƙasa. Mai kanti ya daina ce mini habibi. Leburorin suna gaishe ni, amma a gajarce. Kuma babu ranar da ba na son ta. Shekara ashirin da biyu na ba ta, ta karɓi numfashina, ta karɓi yardar matata, ta karɓi minti biyar na ƙarshe na mahaifina, kuma in ka ajiye mini ita yanzu a kan taga sai na yi da gaske kafin in wuce. Wannan ita ce ribar cinikin, ka duba da kyau kafin ka sa hannu.

Ummanka tana ƙirga wata bakwai. Ni da Bitrus, yanzu da kai, mu muka san huɗu ne.

Ban san nawa ka sha ba, kuma ba na tambaya. In biyar ne, in hamsin ne, har yanzu kai ne mai ita, ba ita ce mai kai ba. Akwai ranar da abin yake juyawa, kuma ba a busa ƙaho a ranar. Ba na son ka yi mini alkawari. Alkawari a gidanmu na riga na zubar masa da daraja. Ka dai bari, shiru, kamar yadda ake barin hanya mai rami. In ta kira ka bayan cin abinci, tashi ka wanke kwanonka, ka wanke na maƙwabcinka ma. In kuma ka ga wasu suna murna da kai fiye da kima a ranar da ka yi abin kunya, ka tsaya ka duba me suke ci a ciki.

Allah Ya kai ka Zariya lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da gangancin direba. Allah Ya tsare ka a ɗakin kwana da ɗakin karatu, Ya buɗe ƙwaƙwalwarka, Ya ba ka aboki ko da guda ɗaya ne wanda zai iya ƙin cin abincinka don ya gaya maka gaskiya. Allah Ya tsare huhunka da harshenka. Ya dawo mana da kai da abin da ka je nema. Ka gaishe da Ummanka, ka shafa kan ƙannenka.

Wassalam.
Mahaifinka,
Nafi'u.

Ƙarin bayani, wanda ladabi ya so in ce mantuwa na yi, amma ban manta ba, saboda shi na ɗauki biro.

Jiya Ummanka ta ce baƙin akwatina da ke kan kabad shi za ta ba ka, kuma ranar Asabar za ta sauke shi ta goge, ta shirya maka kaya da hannunta. Ka san yadda take goge abu, har ɗinki sai ta bi da yatsa. Na ɗaga waya sau uku in kira ka, kunya ta hana, shi ya sa na ba wani ɗan kasuwa da zai taso gobe wannan takarda, na ce hannunka kawai.

A ƙasan akwatin, ta gefen tayoyi, ƙyallen shafin ya ɗan ɓalle. Ka sa yatsa biyu. Akwai kwali uku, ba a buɗe ba. Ka fitar da su kafin Asabar, lokacin da ta tafi islamiyya. Kada ka sayar, kada ka ba kowa. Ka jiƙa su a bokiti har su zama kunu, ka juye a masai, ka wanke bokitin. Ƙyallen kuma ka ɗinke shi a hankali, akwatin mai kyau ne.

Na san abin da nake yi. Ina miƙa kwali uku a hannun yaron da aka ji wari a rigarsa, a makon da zai bar gida. Ba ni da wanda zan aika sai kai. In ka gama ka turo mini saƙon waya, ka ce an zubar.

In kuwa ka riƙe su a hannu ka ji ba za ka iya zubarwa ba, kada ka yi mini ƙarya, kada ka sa su a jaka. Ka kai wa Ummanka, ka ce nawa ne.

Allah Ya tsare.